Makunnin analog ba ma'auni ba ne, a daina cusa shi cikin IIO

Kusan duk matashin injiniyan da ya kawo mini direban da ya rubuta wa makunnin analog a Linux, wuri ɗaya yake kai shi: sashen IIO. In na tambayi dalili, sai ya ce ai analog ne. Wannan magana ta ishe ni. IIO gida ne na na'urori masu auna sigina ko samar da ita, irin su ADC da DAC da ma'aunin zafi. To makunni me yake aunawa? Babu komai. Aikinsa ya haɗa wannan waya da waccan, ya raba su idan an ce ya raba.

Tun 2017, a fitowar Linux 4.13, Peter Rosin ya shigo da sashen drivers/mux domin wannan aikin. Ɗauki makunnin 74HC4051, mai hanyoyi 8 da ƙafafun zaɓi 3. Ba ya ma buƙatar sabon direba. A bayyana shi a Device Tree a matsayin gpio-mux, a ɗora io-channel-mux a kansa, sai ƙofar ADC guda ta zama takwas. Makunnai masu karɓar umarni ta I2C ko SPI kuma, ga direbobin ADG792A da ADGS1408 nan, a karanta su kafin a rubuta layi ɗaya.

Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: wa ke buƙatar a juya makunnin? In sauti ne ke bi ta cikinsa, sashen ASoC ne wurinsa. In yana bayan ramin USB Type-C, akwai drivers/usb/typec/mux. In makunnai ne da kowanne ke buɗewa da rufewa shi kaɗai, tsarin zaɓen hanya ɗaya cikin da yawa bai cika dacewa da su ba, sai ka tuntuɓi masu kula da mux da GPIO tun kafin ka soma.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu gudu zuwa drivers/misc su ƙirƙiro ioctl ko fayil ɗin sysfs nasu. Ku ji da kyau: duk ƙofar da aka buɗe wa manhajojin waje, da wuya Linux ya rufe ta. Ka ƙirƙiro ta yau cikin gaggawa, wasu su yi ta dakonta shekara da shekaru. Ga kuma haɗari: manhaja ta juya makunni ADC na tsakiyar karatu, a samu lambar da ba ta hanyar da ake karantawa ba, kuma babu wanda zai lura. Shi ya sa a sashen mux, mux_control_select ke kulle makunnin har sai an kira mux_control_deselect. Kamfanonin da ke raba irin waɗannan direbobin tare da allunansu su ne suka koya wa yara wannan ganganci.

Saboda haka ka fara da zanen allonka, ka bi wayar har inda ta ƙare. Ka saka idle-state, ka ba sigina lokacin natsuwa bayan kowane juyi, sannan ka gwada kowace hanya da sanannen ƙarfin lantarki.