DARASI: KOGIN HAƊEJIYA, MADATSUN RUWA DA RAYUWAR HALITTU

Babu babban kogi da ya ratsa ƙasar Gumel, ko Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar. Duk da haka abin da ake yi da Kogin Haɗejiya, wanda ke kudu da mu, yana isowa har ƙofar gidajenmu. Wasu daga cikin shanun da ake kawowa kasuwar Maigatari ran Alhamis a fadamunsa suke cin rani, bandar kifin da muke sawa a miya kuma daga can take fitowa. Saboda haka ya kamata mu san halin da kogin yake ciki.

Yadda kogin yake a dā

Kogin Kano da Kogin Chalawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya. A dā, cikin watannin Agusta da Satumba, ruwa yakan cika ya malale fadamun da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru, sa'an nan ya janye da rani. Wannan cikowa da janyewa ita ce ran fadama. A cikin ambaliya tarwaɗa da karfasa suke hayayyafa, ruwa kuma yana nutsewa ƙasa ya cika rijiyoyin ƙauyukan da ke kewaye. In ya janye, manomi ya shuka a danshi, makiyayi ya sami ɗanyar ciyawa, agwagin daji kuma da suka guje wa sanyin Turai su sauka su yi kiwo.

Abin da madatsu suka sāke

An gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Chalawa kuma kusa da Ƙaraye a 1992. Amfaninsu a fili yake: ruwan sha ga birnin Kano, da noman rani na shinkafa, alkama da tumatir a Kadawa da Kura. Amma sun juya lokatan kogin. Da damina suna riƙe ruwan da ya kamata ya malala fadama, da rani kuma suna sakinsa kaɗan kaɗan, har wuraren da suka saba bushewa suka daina bushewa.

A irin wannan kwantaccen ruwa ne ciyawar kachala take yaɗuwa. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, kwalekwalen masunta ya rasa inda zai bi. Da hanya ta toshe, sai ruwan ya karkata: wasu garuruwa wajen Nguru gonakinsu suka nutse, wasu kuwa suka shekara suna jiran ruwan da bai zo ba. Tsuntsayen jan baki kuma suka sami mafaka a cikin kachala, daga nan suke tashi garke garke su auka wa gero da dawa.

Gauraka da 'yan'uwanta

Dattawanmu sun san gauraka, mai tukku kamar rawanin zinariya. Tana yin sheƙa ne a ciyawar da ruwan damina ya rufe. Da irin waɗannan wurare suka ragu, aka kuma yi ta kama ta domin sayarwa, sai ta kusan ƙarewa a Nijeriya, har tana cikin jerin tsuntsayen da ake tsoron ɓacewarsu a duniya. Don kare sauran halittun ne aka sa Tafkin Nguru a 2000, da fadamar Baturiya ta jiharmu a 2008, cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta ɗauka da muhimmanci ga duniya duka. Amma suna a takarda ba ya kawo ruwa. Abin da masana suka daɗe suna nema shi ne a riƙa sakin ruwan madatsu da yawa a lokacin damina, a rage shi da rani, domin fadama ta cika ta kuma bushe a kan kari. A 2006 jihohi shida da suke cin moriyar kogin suka kafa asusu na haɗin gwiwa domin gyaran hanyoyinsa.

Abin koyi

Littafin Farawa ya koya mana cewa an sa mutum a gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. A wasiƙarsa ta Laudato Si' ta 2015, marigayi Paparoma Francis ya tunatar da mu cewa lalacewar ƙasa talaka take fara cuta. Wanda yake sama da kogi yana da hakkin na ƙasa a wuyansa, mutum ne ko tsuntsu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne tsuntsaye da itatuwa ne iyayenmu suka sani a ƙauyenmu, waɗanda 'ya'yanmu ba su taɓa gani ba?
2. In makiyayi ya rasa fadama da rani, ina zai nufa da shanunsa, me kuma wannan zai jawo tsakaninsa da manomi?
3. Yaya muke amfani da tafkuna da rijiyoyin unguwarmu, muna tunawa da wanda zai sha bayanmu?