Miyar Ɓararren Waken Turawa: Darasin Ilimin Halittu a Cikin Tukunya

A ƙasar Holand, idan sanyi ya tsananta har ruwan magudanai ya daskare, akwai wata miya mai kauri da ake kira snert, wadda ake sayarwa a rumfuna a bakin ƙanƙara inda jama'a ke wasan zamiya. Mutanen ƙasar sukan ce miyar ba ta yi ba sai an kafa cokali a tsakiyarta ya tsaya bai faɗi ba. A Suwidin da Finlan ranar Alhamis ce ranar shan irinta, al'adar da ake dangantawa da zamanin da Kiristocin yankin ke ƙaurace wa nama ranar Juma'a. Kayan haɗinta kaɗan ne: busasshen waken Turawa da aka ɓare, da ruwa, da albasa da karas da seleri, sai ƙashin cinyar alade da aka yi wa gishiri da hayaƙi. Naman alade haramun ne ga Musulmi, amma abin da ƙashin ke yi a cikin tukunya aiki ne na sinadarai, kuma ƙafar sa ko ta rago za ta yi shi daidai. Wannan darasi zai bi tukunyar daga ɗorawa zuwa saukewa.

Waken, wanda masana ke kira Pisum sativum, ɗan uwan waken gida ne da gyaɗa. Kowace ƙwayarsa tana da ɓari biyu, wato rumbun abincin da uwar shuka ta tanadar wa ɗan tsiro, lulluɓe cikin ɓawo mai tauri. Idan aka busar da ƙwayar aka sussuke ɓawon, sai ɓarin biyu su rabu da kansu. Ɓawon nan shi ne babban shingen da ke hana ruwa shiga, don haka ɓararren wake ba ya buƙatar a jiƙa shi ya kwana. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, mafi yawan sauran kuwa sitaci ne da harza, kitsensa ɗan kaɗan ne ƙwarai.

Ɗalibin ilimin gado zai gane wannan wake, domin da shi Gregor Mendel ya yi gwaje-gwajensa a garin Burno daga 1856 zuwa 1863, ya buga sakamakon a 1866. A cikin ƙwayoyin da ya ƙidaya, 6,022 masu ruwan ɗorawa ne, 2,001 kore. Haka kuma 5,474 mulmulallu ne, 1,850 masu tamoji. Waɗannan siffofi biyu duka suna da ruwa da tsaki a miyar. Kore da ruwan ɗorawa su ne launukan ɓararren wake a kasuwa: Holand ta fi son kore, Suwidin da lardin Kebek na Kanada sun fi son ɗorawa. Batun tamoji ya fi ban sha'awa. A 1990 masu bincike a cibiyar John Innes ta Ingila suka gano cewa wake mai tamoji yana da naƙasa a ƙwayar gadon da ke sarrafa wani sinadarin ƙera sitaci. Sukari yakan taru a cikinsa, ya tsotsi ruwa da yawa, idan ya bushe sai ya yamutse. Shi ne mai zaƙi da ake ci ɗanye shar. Mulmulallen kuwa, da yake cike yake da sitaci, shi ake busarwa don miya.

Ma'aunin da aka saba da shi a Holand shi ne giram 500 na wake cikin lita 2 na ruwa, tare da ƙashin. Da zarar ya tafasa sai a kwashe kumfar da ta taso, a rage wuta, a bar shi kimanin awa biyu ana motsawa. A wannan lokaci abubuwa uku ke gudana. Ƙwayoyin halittar waken manne suke da juna da wani danƙo mai suna fektin. Zafi yana narkar da shi, sai su warwatse, waken ya dame. A cikinsu kuma ƙwayoyin sitaci suna shan ruwa su kumbura tun zafi yana tsakanin digiri 60 da 70 a ma'aunin Salshiyas, kamar yadda kunu ke kauri. A ɓangaren ƙashi, jijiya da guringuntsi da fata suna ɗauke da furotin mai tauri da ake kira kolajin, wanda doguwar dahuwa ke mayarwa jelatin. Duk wanda ya ga romon ƙafar sa ya daskare bayan ya huce ya ga aikin jelatin. Wuta mai ƙarfi ba ta gaggauta wannan sauyi sosai, ƙona gindin tukunya kawai take yi, domin miya mai kauri ba ta juya kanta kamar ruwa.

A nan ne masu girki suka fi yin kuskure. Fektin yana ƙara ƙarfi a cikin tsami, saboda haka tumatir ko lemon tsami da aka zuba da wuri zai sa waken ya ƙi nuna. Ruwa mai yawan kalsiyam, irin na wasu rijiyoyi, shi ma yana ɗaure fektin. Akasin haka shi ne aikin kanwa, wadda matan ƙasar Hausa suka daɗe suna jefawa a tukunyar wake: tana kashe tsami, fektin ya saki da wuri. Sai dai ribar tana da farashi, domin kanwa tana lalata bitamin B1, wanda wake ke da shi da yawa. Ɓararren wake, tun da ba shi da ɓawo, ba ya buƙatarta. Gishiri kuwa sai a ƙarshe, bayan an ɗanɗana, saboda nama mai hayaƙi yana sakin nasa a cikin romo.

Me ya sa ta dace da sanyi? Zafin kwano ɗaya ba wani abu ba ne idan aka kwatanta da zafin da jiki ke samarwa da kansa ta ƙona abinci. Jiki yakan kashe kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na kuzarin furotin wajen sarrafa shi, wannan kuma yana fita a matsayin ɗumi. Sitacin wake yana narkewa a hankali, harzarsa tana riƙe ciki. Furotin ɗinsa yana da wadatar laisin amma ya gaza a metiyonin, hatsi kuma akasin haka, shi ya sa burodin hatsin rai da ake haɗawa da miyar yake cike giɓin, kamar dai shinkafa da wake. Kumburin cikin da kan biyo baya aikin bakteriyar babban hanji ne, waɗanda ke cin wasu nau'o'in sukari irin su rafinos da hanjin mutum ba ya iya narkarwa.

Mutanen Holand sun fi son miyar da ta kwana, kuma suna da hujja: idan ta huce, zaren sitaci suna sake sarƙewa, jelatin ya daskare, cokali ya tsaya. Amma haɗarin ma a nan yake. Ƙwayar cutar Clostridium perfringens tana da iri mai sulke wanda tafasa ba ta kashewa, kuma tana son wuri mai ɗumi maras iska. Tsakiyar babbar tukunyar miya mai kauri na iya daɗewa tsakanin digiri 60 da digiri 5, inda ƙwayar ke ninka kanta cikin mintoci kaɗan, ta jawo murɗar ciki da gudawa bayan awa 8 zuwa 16 da ci. Maganinsa shi ne a raba miyar cikin kwanoni marasa zurfi, a sa a firji kafin awa biyu. Washegari a ƙara ruwa kaɗan, a ɗora a wuta ana motsawa har ta tafasa ko'ina.