Darasi: Don mi ɗan ƙauye yake shan wuya a kolej?

Jama'a, kowace shekara bayan damina, yaranmu da suka gama lakwal ta gari suna tafiya kolej. Wasu sukan dawo gida tun shekara ba ta ƙare ba. Wasu kuma a kore su. Sai mu ce yaro ba shi da kai, ko mu ce rago ne. Mu dakata tukuna.

Akwai wani ilimi da ake kira ilimin zaman jama'a. In yaro guda ya faɗi, ana iya duba yaron. Amma in yara da yawa suka faɗi, kuma akasarinsu ƴan ƙauye ne, masu wannan ilimi sukan duba irin zaman da yaran suke ciki.

Wani babban malamin wannan ilimi, sunansa Piyer Burdiye, mutumin Faransa ne. An haife shi a 1930, cikin wani ƙaramin ƙauye, ya rasu a 2002. Ubansa mai raba wasiƙu ne. A gidansu, harshen yankinsu ake yi. Da aka kai shi babbar makaranta a birnin Po, can yake kwana, nesa da iyaye. Ƴan birni suna raina ƴan ƙauye don maganarsu da tufafinsu. Shi ma ya sha wannan, bai manta ba.

A 1964, shi da wani abokin aikinsa suka fitar da littafi, suka sa masa suna "Magada". Sun ƙidaya ɗaliban Faransa na lokacin. Cikin ƴaƴan ƴan ƙwadagon gona 100, da wuya guda ya kai jami'a. Cikin ƴaƴan manyan ma'aikata 100, fiye da rabi suna kaiwa.

To, mine ne gadon? Ba gona ba ne, ba shanu ba ne. Ku dubi ɗan maƙeri. Tun yana rarrafe yake ganin zuga-zugi. Ran da aka sa shi aiki tare da ɗan manomi, shi zai yi gaba, ba don ya fi shi kai ba. Haka ɗan ma'aikaci yake: ya tashi yana jin harshen makaranta a gida, yana ganin littafi. Mushe ya ba su jarrabawa guda, ya ce wannan mai ƙoƙari ne, wancan rago. Abin da ya fi ciwo, ɗan talaka da kansa ya kan yarda cewa shi ne marar kai.

A nan ƙasarmu nauyin ya fi haka. Da faransanci ake karatu a kolej, yaronmu kuwa cikin aji kaɗai yake jinsa. Ga shi a gidan mai masauki. Shi ne ɗibar ruwa, shi ne aike. Wani lokaci ya shiga aji bai karya kumallo ba. Da dare babu fitilar karatu. In yarinya ce, ga daka, ga wanke-wanke, ga raino. Ba mu ce masu masauki miyagu ba ne. Su ma da nasu bakunan da za su ciyar. Amma yaro yana jin kunyar faɗa, sai ya yi shiru.

Saboda haka in ya zo hutu da sakamako marar kyau, kada a fara da bulala. A tambaye shi inda yake kwana, da abin da yake ci. Ran kasuwa, uba ya leƙa mai masauki da ƴan tiyoyin hatsi, ya kuma gaida shugaban makaranta.

Tambayoyi
1. Yara nawa na garinku suka tafi kolej bara? Nawa suka dawo?
2. A gidan wa suka sauka, kuma wa ya je ganinsu?
3. Iyaye za su iya haɗa hatsi da kuɗi, su kama wa yaran gari ɗaki guda kusa da kolej?