Yadda Masana Ke Gano Narkakken Dutse a Ƙarƙashin Ƙasa

A daren 21 ga watan Agusta na shekarar 1986, wata iska mai shaƙe numfashi ta taso daga tafkin Nyos da ke ƙasar Kamaru, ta hallaka fiye da mutum 1,700 tare da dubban dabbobi. Iskar ta samo asali ne daga narkakken dutsen da ke can ƙarƙashin tafkin, wanda masana ke kira magma. Irin wannan masifa tana cikin dalilan da suka sa masana ilimin ƙasa suka dage wajen neman sanin inda magma take, da zurfinta, da kuma yawanta. To, ta yaya za a ga abin da ke binne a zurfin kilomita goma ko ashirin, alhali ba a yi haƙa ba?

Amsar tana cikin wata ɗabi'a ta duwatsu. Busasshen dutse mai tauri ba ya barin lantarki ya ratsa shi cikin sauƙi, wato turjiyarsa tana da yawa. Amma idan dutse ya narke, ko kuwa ruwan zafi mai gishiri ya cika tsagoginsa, sai turjiyar ta faɗi ƙwarai, wani lokaci har ninki dubu. Saboda haka duk wanda ya iya auna turjiyar ƙasa daga sama zuwa ƙasa, ya sami hanyar zana taswirar abin da ke ɓoye.

Hanyar da aka fi amfani da ita ita ce maganetotelurik, wadda Tikhonov na Rasha ya aza harsashinta a 1950, Cagniard na Faransa kuma ya faɗaɗa ta a 1953. Abin sha'awa shi ne ba a bukatar injin ba da wuta, domin akwai lantarkin da ke gudana cikin ƙasa dare da rana. Tushensa biyu ne. Na farko shi ne walƙiyar da ake yi a sassan duniya, wadda ke haifar da igiyoyi masu saurin kaɗawa. Na biyu shi ne ƙwayoyin da rana ke fesowa, waɗanda ke girgiza maganaɗisun duniya, su haifar da igiyoyi masu kaɗawa sannu a hankali. Masu sauri ba sa nitsewa da nisa, don haka labarin saman ƙasa suke kawowa. Masu tafiyar hawainiya kuwa sukan kai zurfin kilomita masu yawa.

A wurin aiki, masu bincike kan binne sandunan auna lantarki guda huɗu: biyu kudu da arewa, biyu gabas da yamma, da tazarar kimanin mita 100 tsakanin kowane biyu. Sai su binne na'urorin auna maganaɗisu a gefe, su bar su suna ɗaukar bayanai na kwana ɗaya ko fiye. Bayan an maimaita haka a wurare da dama, kwamfuta ce ke haɗa bayanan ta fitar da hoton cikin ƙasa.

Yankin Afar na ƙasar Habasha ya ba da kyakkyawan misali. A watan Satumba na 2005, magma ta tsaga ƙasa a kusa da dutsen Dabbahu, tsagar da tsawonta ya kai kimanin kilomita 60. Masana daga jami'o'in Adis Ababa da Edinbara suka auna yankin ta wannan hanya. Sakamakon da suka buga a 2013 ya nuna cewa akwai magma da ta kai aƙalla kilomita 500 na murabba'in sukari a ƙarƙashin yankin, har zuwa zurfin kimanin kilomita 35.

Sai dai hanyar tana da iyakarta. Yumɓu da ruwan gishiri su ma suna barin lantarki ya wuce, don haka ƙarancin turjiya ba kullum ne yake nufin magma ba. Wayoyin wutar lantarki na gari ma sukan gurɓata awon. Shi ya sa ake gwada sakamakon da na na'urorin auna girgizar ƙasa kafin a yanke hukunci. Ban da kare rayuka, wannan bincike yana taimakawa wajen gano tururin ƙarƙashin ƙasa da ake samar da wutar lantarki da shi, kamar yadda ake yi a Olkaria ta ƙasar Kenya.

Malami na iya nuna wa ɗalibai tushen wannan ilimi a aji. A haɗa batir da ƙaramin ƙwan fitila da wayoyi biyu, a soka bakin wayoyin cikin busasshen rairayi kusa da juna: ƙwan ba zai kama ba. Sai a jiƙa rairayin da ruwa mai gishiri sosai, a sake gwadawa, ɗalibai su rubuta abin da suka gani, su kuma bayyana dalilinsa.