Amsoshin Tambayoyinku: Idan Na'urar Gwajin Barasa Ta Yi Kuskure

Wani mai sauraronmu ya tambaya ko direban da kotu ta samu da laifin tuƙi cikin maye zai iya ɗaukaka ƙara kan sakamakon na'urar gwajin numfashi.

Ƙwarai kuwa, kuma an taɓa yi. A jihar New Jersey ta Amurka, an gano cewa wani sajen ɗan sanda yana tsallake wani mataki na auna zafi lokacin da yake saita na'urorin gwajin numfashi na Alcotest. A shekarar 2018 kotun ƙolin jihar ta ce ba za a dogara da waɗannan sakamako ba, abin da ya shafi shari'u sama da 20,000.

Sai dai musu da baki kawai ba ya wadatarwa. Lauyoyi kan nemi takardun saita na'urar da shaidar horon jami'in da ya yi gwajin.