Shafen Daɓen Ɗakin Mota: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Ɗakin da ake ajiye motar gunduma, watau gareji, daɓensa ya fi na kowane ɗaki shan wahala. Mota takan shigo da tayoyi masu zafi, ta ɗigar da baƙin mai da fetur da man birki, wani lokaci har da ruwan batir. Siminti kuwa, duk da taurinsa, yana da ƙananan kafofi waɗanda ido ba ya gani, yana shan mai kamar yadda sabuwar tukunya take shan ruwa. In ya sha, ba ya wankuwa. Don haka ne ake shafe shi. Tun da yake kuɗin aikin na jama'a ne, hakimi kuma shi ne zai shaida an gama, ya kamata shi da malaminsa su san abin da za a saya da yadda za a shafa, kada a bar wa ɗan kwangila shi kaɗai.

Mutanen ƙasar nan ba baƙi ba ne ga wannan sha'ani. Mata masu daɓe sukan yayyafa ruwan makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, su yi ta bugu da madaɓi har ƙasa ta yi tauri. Daɓen nan ya ishi ƙafar mutum, amma bai ishi mota ba.

Abin da aka fi yawan kawowa shi ne fentin mai, irin wanda ake shafa wa ƙofa da taga, gama ya fi araha. Shi ne kuwa mafi ƙarancin amfani a nan. Kowa ya san da ruwan toka da mai ake yin sabulun salo. To, siminti yana da kaifi irin na toka, in laima ta taso daga ƙasa sai kaifin nan ya ci man fentin ta ƙarƙashi, ya mai da shi kamar sabulu, ya saki. Bayan wannan, taya mai zafi takan tausasa shi, in ta huce ta kama shi, da safe mota ta fita da shi.

Wanda ya fi ƙarko shi ne efoksi. Gwangwani biyu yake zuwa, ɗaya ruwan fentin, ɗaya maganin da yake sa shi daskarewa. Ba iska ce take busar da shi ba, haɗuwar biyun ce take mai da shi fata mai tauri, wadda mai da fetur ba sa ratsawa. Amma fa yana da nasa aibi. Rana tana sa shi ya koma rawaya, saboda haka in garejin rumfa ce marar ƙofa, ana so a rufe shi da shafen foliyuretan, wanda ya fi jure rana. Babban maƙiyinsa kuwa laima ce.

Saboda haka kafin a fitar da ko sisi, malamin hakimi ya yi gwaji da kansa. Ya yanki leda mai kauri, kamar santimita 45 kowane gefe, ya shimfiɗa a daɓen, ya liƙe gefunanta huɗu da salatif, ya bar ta aƙalla awa 16. In ya ɗaga ya ga raɓa a jikin ledar, ko wurin ya yi duhu, to ruwa yana tasowa, efoksi zai kumbura ya ɓare. Ƙarshen damina ya fi kyau ga gwajin nan, domin daɓen da ya bushe ƙarau da bazara yana iya yaudarar mutum. Inda aka sami laima, a fara duba indararo da magudana. In ta ƙi tafiya, gara a haƙura da sheƙi, a shafa ruwan silikat, wanda yake shiga cikin siminti ya taurara shi ya hana shi tashi gari, ko da yake ba ya hana tabon mai sarai. Sabon kankare kuma sai ya cika kwana 28 tukuna.

Shirya daɓen ya fi shafen cin lokaci, a nan ne kuma ɗan kwangila mai gaggawa yake yin ha'inci, gama in fenti ya hau ba mai ganin abin da ke ƙasa. A wanke mai da maganin cire maiƙo da buroshi mai tauri, a maimaita. Sa'an nan a ɗiga ruwa a wurare dabam dabam. Inda ruwa ya shige, wurin ya tsabtata. Inda ya tsaya ƙwalla ƙwalla, da sauran mai. A cike tsaga da ramuka. Daga nan a gurje fuskar simintin da inji har ta yi kaushi kamar sanfefa, don fenti ya sami abin kamawa. Waɗansu sukan yi da asid. In haka ne, asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba, a kuma ɗauraye sosai a bari ya bushe kwanaki.

Lissafin saye aikin malami ne. Gareji mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4 murabba'in mita 24 ke nan. In an rubuta a gwangwani lita ɗaya tana shafe murabba'in mita 6, shafe ɗaya lita 4 ne, shafe biyu lita 8. Malami ya ƙidaya gwangwanaye a rufe, ya kuma ƙidaya su ba kome, kada kuma ya yarda a tsinka da fetur ko kananzir don ya yi auki.

A haɗa biyun daidai da awon da aka rubuta, a motsa kamar minti uku. Da an haɗa, lokaci ya fara gudu, zafi kuwa yana ƙara masa sauri, har da bazara yana iya daskarewa cikin bokiti. Don haka a riƙa haɗawa kaɗan kaɗan. La'asar ta fi hantsi, domin daɓen da yake ɗumama yana fitar da iska, ta huda fenti ta bar ƙananan ramuka. Ranar da hazon hunturu ya sauko a fasa aikin. Ma'aikata su sa safar hannu, gama efoksi yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje, a bar iska tana shiga, kada kuma a kunna wuta ko taba. A shafe na biyu a barbaɗa yashi mai laushi, wankakke, busasshe, in ba haka ba daɓen zai yi santsi in ya jiƙe.

Mutum yana iya takawa bayan kwana ɗaya, amma mota sai ta kwana bakwai a waje, ko da direba ya yi gunaguni. Malami ya rubuta ranar shafen da sunan fentin cikin littafin ofis. Ya kamata kuma tun a takardar kwangila a rubuta cewa za a riƙe wani kashi na kuɗin, ba za a biya ba sai damina ɗaya ta wuce an duba inda tayoyi suke tsayawa.