Kafin Ka Danna "Saya" A Manhajar Dillalan Intanet



Bayan karatun Asabar wani matashi ya tare ni a ƙofar masallaci, ya miƙo min wayarsa. Ya ce, "Malam, wannan fa asusun Musulunci ne, su da kansu suka rubuta haka." Na duba. Dala 100 ya zuba, manhajar kuma ta ba shi damar juya dala 10,000. Na ce masa, ɗana, ragowar 9,900 ɗin wa ya ba ka? Sai ya yi shiru.

To 'yan uwa, a nan darasinmu yake. Dillalan intanet iri biyu ne, ko da yake fuskar manhajojinsu kusan ɗaya ce.

Akwai wanda yake saya maka hannun jari na gaske. Ka biya kuɗinka cif, ka mallaki wani yanki na kamfani, in an raba riba a ba ka. A Najeriya irin wannan dillalin sai da rajistar hukumar SEC, hannun jarin kasuwar NGX kuma ana ajiye shi a CSCS da sunanka. Wannan asalinsa halal ne, matuƙar sana'ar kamfanin halal ce. Ban da kamfanin giya, ban da bankin ruwa. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta ƙara da cewa kada bashin ruwan kamfani ya wuce kashi 30 na darajarsa a kasuwa, kada kuɗin haram da ke shigar masa ya wuce kashi 5, shi ma ka fitar da rabonka daga ciki ka bayar.

Na biyun shi ne inda yaranmu suka fi afkawa, wato abin da ake kira CFD. Za ka ga an rubuta zinare ko fetur ko Yuro, amma wallahi ba ka sayi komai ba. Yarjejeniya ce kawai tsakaninka da dillali: in farashi ya hau ya biya ka, in ya sauka ka biya shi. Ba kaya, ba karɓa hannu da hannu, alhali shari'a ta sharɗanta wannan karɓar a canjin kuɗi da cinikin zinare. Sannan ga bashin ninki. Yaron nan da yake juya 10,000 da dala 100, farashi ya motsa kashi 1 kacal ta inda bai so ba, jarinsa ya ƙare kaf.

Ba malamai kaɗai suka ga haɗarin ba. A 2018 hukumar ESMA ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa kashi 74 zuwa 89 na asusun ƙananan masu wannan ciniki asara suke yi, ta kuma taƙaita ninkin zuwa 30 a manyan kuɗaɗe.

Sai batun "asusun Musulunci". Abin da suke cirewa shi ne kuɗin kwana, wato ruwan da ake caza idan cinikinka ya kwana a buɗe. Madalla, riba ɗaya ta fita, ko da yake wasunsu suna dawo da ita da sunan kuɗin hidima. Amma Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2006, ba kuɗin kwana kaɗai ta kawo ba da ta haramta ciniki da bashin dillali. Ta ce dillalin ya ranta maka ne da sharaɗin ka yi cinikin ta hannunsa ya ci kamasho, wato rance ya jawo masa amfani. Cire kuɗin kwana bai taɓa wannan ba ko kaɗan.

Ni dai abin da na gaya wa yaron: ya rufe cinikin, ya cire abin da ya rage, in yana son zuba jari ya nemi dillalin da sunansa ke cikin jerin SEC, ya tambaye shi lambar CSCS ɗinsa kafin ya tura ko kwabo.

Wallahu a'alam.